Shin shata iyaka a teku yana dawo da kifi? Amsa kan hurumin teku a ƙasashen tsibirai

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni malamin ilimin ƙasa ne a wata makarantar sakandare, kuma ban taɓa ganin teku ba sai a taswira. Na karanta cewa ƙasar Palau ta hana kamun kifi a kashi 80 cikin ɗari na ruwanta, sai kuma na ga cewa Kiribati, wadda ta riga ta yin irin haka, ta janye nata. Ɗalibaina sun tambaye ni cewa, tun da teku ba shi da katanga, kifi kuma bai san iyaka ba, mene ne amfanin shata layi a kan ruwa? Wani daga cikinsu ma cewa ya yi dabara ce kawai ta manyan ƙasashe don a raba talakawan tsibirai da abincinsu. Ina gaskiyar take?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibanka sun yi tambayar da masana wannan fanni suka shafe shekaru kusan hamsin suna gardama a kanta, don haka ka gaishe min da su. Idan na fahimce ka, abubuwa biyu kake son sani: ko hana kamun kifi a wani yanki na teku yana da tasiri a kan halittun da ke ciki, da kuma ko wa ke cin riba, wa ke ɗaukar asara idan an yi hakan. Zan kira irin wannan yanki "hurumin teku", domin ma'anarsa ɗaya da hurumin da muka sani: wuri ne da jama'a ko hukuma suka keɓe, aka taƙaita abin da za a iya yi a cikinsa saboda amfanin kowa. Aikina na shekaru ya kasance a ruwa mara zurfi ne, a gaɓar gabashin Afirka, inda nake nutso ina ƙidayar kifi a kan duwatsun murjani, saboda haka abin da zan faɗa game da ƙananan hurumai na gani da idona, abin da zan faɗa kuwa game da tsakiyar teku na ɗauko shi ne daga binciken waɗanda suka yi aiki a can.

Me ya sa maganar ta fi zafi a tsibirai

Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon mallakar arzikin ruwa har nisan mil 200 na teku daga bakin gaɓarta. Ga ƙasa irin Najeriya wannan ƙari ne a kan faɗin ƙasa, amma ga ƙasar tsibirai shi ne ƙasar baki ɗaya. Kiribati, wadda mutanenta ke furta sunanta "Kiribas", tudunta duka bai wuce kilomita murabba'i 811 ba, amma ruwanta ya haura kilomita murabba'i miliyan uku, wato fiye da ninki uku na faɗin Najeriya. Palau tana da mutane kimanin dubu 18 da ruwa mai faɗin kusan kilomita murabba'i dubu 600. A irin waɗannan ƙasashe teku shi ne gona, shi ne kasuwa, shi ne kuma baitulmali.

Akwai kuma dalili na halitta. Murjani, wanda mutane da yawa ke ɗauka dutse ne ko tsiro, ƙananan dabbobi ne masu rai da ke gina wa kansu gida na farar ƙasa, ana gina sabo a kan tsoho har ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. Waɗannan tuddai ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku suna dogara da su a wani mataki na rayuwarsu. Mafi yawansu kuwa a kewayen tsibiran yankin zafi suke. Ban da haka, tsibirin da ya yi nisa da kowa yakan haifar da nau'o'in da babu su a ko'ina, kamar ƙadangaren Galapagos da ke shiga teku ya ci gansakuka, wanda idan ya ƙare a can to ya ƙare a duniya.

Yadda hurumi ke aiki idan ya yi aiki

Maganar ɗalibanka cewa kifi bai san iyaka ba gaskiya ce, amma ba ga kowane kifi ba. Yawancin kifayen da ke zaune a kan murjani 'yan gida ne, wasu ma sukan ƙare rayuwarsu ba su yi nisan kilomita ɗaya daga ramin da suka saba da shi ba. Idan aka daina kama su a wuri guda, abu na farko da ake gani shi ne girma, kafin a ga yawa. Girman kuwa shi ne sirrin al'amarin, domin ƙwan da macen kifi ke zubawa ba ya ƙaruwa daidai da nauyinta, yana ninkawa ne fiye da haka. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa macen kifin kod guda mai kilo 30 tana zuba ƙwai fiye da mata 28 masu kilo biyu-biyu. Masunci kuwa babban kifi yake fara nema, don haka wurin da ake yawan su yakan rasa iyayen da suka fi haihuwa tun kafin a lura kifi ya ragu. Hurumi yana ajiye waɗannan iyaye ne, kamar yadda makiyayi mai hankali ba ya kai manyan shanunsa mata kasuwa. Igiyar ruwa tana kwashe ƙwai da ƙananan 'ya'ya zuwa wajen hurumin, sannan idan wuri ya cika, wasu manyan ma sukan ƙetara su faɗa komar masunta.

Hujjar da na fi so a kan wannan ta fito ne daga wasu ƙananan tsibirai biyu a ƙasar Filifin. A 1974 wani masanin halittu na Jami'ar Silliman, Angel Alcala, ya jagoranci keɓe kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na murjanin tsibirin Sumilon. Shekara goma ana kiyayewa, sai a 1984 siyasar ƙaramar hukuma ta sauya, tsaro ya rushe, masunta suka shiga ko'ina. Lissafi na sama-sama zai ce kamu zai ƙaru tun da filin su ya ƙaru, amma da Alcala da abokin aikinsa Garry Russ suka auna, sai suka tarar jimillar kifin da ake samu a tsibirin ta faɗi da kusan rabi. Ashe ɗan yankin da aka rufe shi ne ke ciyar da sauran. A tsibirin Apo da ke kusa, inda aka fara a 1982, an bi wata hanya: mazauna tsibirin ne da kansu suka zaɓi wurin, su ne masu gadi, kuma hurumin ya daɗe yana tsaye har ya zama abin koyi ga ɗaruruwan ƙauyuka a ƙasar. Kimiyyar ɗaya ce a wuraren biyu. Bambancin shi ne a Sumilon dokar daga waje ta zo, a Apo kuwa ta masu wurin ce.

Wannan ba ya nufin duk abin da aka kira hurumi yana aiki. A 2014 Graham Edgar da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon ƙidayar da masu nutso suka yi a hurumai 87 a faɗin duniya, suka gano cewa fiye da rabinsu ba a iya bambanta su da wuraren da ake su a cikinsu kullum. Waɗanda suka yi fice su ne waɗanda aka hana kamu gaba ɗaya, ake gadinsu da gaske, suka haura shekara goma, suke da faɗi, kuma ruwa mai zurfi ko yashi ya raba su da wuraren su. Sauran, mu a wurin aiki "hurumin takarda" muke ce musu.

Kuskuren da na yi da hannuna

A farkon aikina an tura mu wani ƙauyen masunta a wani tsibiri, muka yi makonni muna nutso, muka gano inda murjani ya fi lafiya, muka zana taswira mai kyau, muka yi taro da dattawa da masu jiragen ruwa, kowa ya amince. Muka ɗaura alamomi masu iyo a kan iyaka muka tafi. Da muka dawo bayan 'yan makonni, an yanke igiyoyin duka. Na fara zargin masu jefa nakiya, sai wani tsohon masunci ya ja ni gefe ya tambaye ni ko mun yi magana da mata. Ba mu yi ba. A wannan yanki, idan ruwa ya janye a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa, mata ne ke taka ƙafa su shiga filin murjani da sanda mai tsini suna farautar pweza, wato halittar nan mai hannuwa takwas da ke ɓuya a ramuka, kuma da kuɗinta suke sayen sabulu da littafin makaranta. Iyakar da muka shata ta cinye filinsu, alhali mazan da muka yi taro da su can nesa suke su da jirage, ba abin da suka rasa. Ba wanda ya taɓa faɗa min wa ya yanke igiyoyin, ni ma ban sake tambaya ba. Tun daga ranar, kafin in shiga ruwa a sabon wuri, sai na zauna a bakin gaɓa na kwana biyu ko uku ina kallon wanda ke fita, da lokacin da yake fita, da abin da yake dawowa da shi.

Mutanen kudu maso yammacin Madagaska sun warware irin wannan matsala ta hanyar da ta fi tamu hikima. A ƙauyen Andavadoaka na ƙabilar Vezo, a ƙarshen 2004, tare da ƙungiyar Blue Ventures, an rufe wani filin pweza na 'yan watanni kawai maimakon har abada. Pweza tana girma da sauri ƙwarai, don haka da aka buɗe, mutane suka ga manya-manya da idonsu, kuɗin kuma ya shiga aljihunsu. Ƙauyukan maƙwabta suka kwaikwaya, har a 2006 suka haɗu suka kafa yankin da suka kira Velondriake, ma'ana "rayuwa tare da teku", suna tafiyar da shi da dokar gargajiya da ake kira dina. Sai bayan sun ɗanɗana ribar rufewa ta ɗan lokaci ne suka yarda da keɓe wasu wurare na dindindin. Tsibirin Rodrigues na ƙasar Morishus ma ya fara rufe kamun pweza na wata biyu a kowace shekara tun 2012. Wanda ya san yadda ake hana su a Matan Fada har sai ranar bikin Argungu, da yadda maganar Sarkin Ruwa ke da nauyi a wurin masunta, ba zai ga wannan tsari baƙo ba. Sai dai a lura, rufewa ta ɗan lokaci tana amfanar halitta mai saurin girma ne. Kifin da ke ɗaukar shekara goma kafin ya kai ƙarfi, ranar buɗewa guda ta isa ta share abin da aka tara.

Akwai kuma misalin Misali, ƙaramin tsibiri a yammacin Pemba ta Zanzibar, wanda ake danganta sunansa da kalmar Suwahili ta shimfiɗar salla. An ayyana shi wurin kiyayewa a 1998, amma dokar gwamnati ba ta hana wasu masunta jefa nakiya a ruwa ba, aikin da ke kashe kifi babba da ƙarami ya kuma farfasa murjanin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ginawa. Abin da ya sauya lamarin shi ne shigowar limamai da malaman islamiyya, ta wani shiri da gidauniyar Musulunci kan muhalli ta Fazlun Khalid ta gudanar tare da ƙungiyar CARE. Aka riƙa karantar da masunta matsayin ɗan'adam na halifa a doron ƙasa, da hanin ɓarna, da ayar Suratur Rum da ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Mutumin da ke ganin dokar hukuma a matsayin abin da za a kauce wa idan jami'i ya juya baya, ba haka yake ɗaukar abin da ya yarda haramun ne ba. Fiƙihu ma ya san wannan babi da sunan hima, tun keɓe Naƙi'u kusa da Madina a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Palau, Kiribati da kifin da ba ya zama wuri ɗaya

Yanzu ga misalan da ka kawo, waɗanda wani irin abu ne daban. Palau ta zartar da dokarta a 2015 a zamanin shugaba Tommy Remengesau, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, kuma shugabannin ƙasar sun jingina ta da al'adarsu ta bul, inda sarakunan gargajiya ke hana kama wani kifi ko shiga wani wuri har sai ya farfaɗo. Kiribati ta kafa hurumin tsibiran Phoenix a 2008, mai faɗin kilomita murabba'i fiye da dubu 400, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2010, aka rufe shi ga jiragen kasuwanci a farkon 2015, sannan a ƙarshen 2021 gwamnati ta sanar da niyyar sake buɗe shi.

Dalilin janyewar ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan kuɗin shigar gwamnatin Kiribati daga lasisin da jiragen ƙasashen waje ke saya don kamun kifin tuna yake fitowa, irin wanda ake sa wa a gwangwani. An yi wa ƙasar alkawarin asusu da zai cike giɓin abin da za ta rasa, amma abin da aka tara bai yi kusa da asarar da gwamnati ta ce ta yi ba. Ƙasar da ke biyan albashin malamai da sayen magani da kuɗin kifi ba za ta daɗe tana azumi don a yaba mata a taron duniya ba.

Ta fuskar kimiyya kuma, a nan ne maganar ɗalibanka ta fi ƙarfi. Tuna matafiyi ne, yana keta dubban kilomitoci, kuma jirgin da aka hana shiga wani yanki yakan koma gefe ne ya jira shi. Wani bincike na 2023 da masanan kifin tuna na yankin Fasifik suka yi ya nuna cewa tasirin rufe Phoenix a kan yawan tuna a yankin kaɗan ne ƙwarai. Wani binciken na 2018, wanda ya bi sawun jirage ta tauraron ɗan'adam, ya gano cewa da aka sanar za a rufe, jirage sun yi rububin shiga, aikin kamu ya ninka kafin ranar rufewa. A gefe guda kuma, a Hawai, inda shugaba Obama ya faɗaɗa hurumin Papahanaumokuakea a 2016 zuwa kusan kilomita murabba'i miliyan ɗaya da rabi, wani bincike na 2022 ya ba da rahoton ƙaruwar kamun wani nau'in tuna a kusa da iyakar, ko da yake wasu masana sun yi jayayya da hanyar lissafin. Ra'ayina shi ne, manyan hurumai suna da amfani na gaske ga murjanin tsibiran da ba kowa, da tsuntsayen teku, da kunkuru, da kifin shak da ke mutuwa a ƙugiyoyin da aka ɗana wa tuna, amma wanda ya sayar da su ga ƙasa matalauciya da sunan maganin ƙarancin tuna ya yi alkawarin da ba lallai ya cika ba. Tuna ƙayyade yawan kamu a duk yankin yake buƙata, kuma ƙasashen Fasifik takwas da ke cikin yarjejeniyar Nauru, ciki har da Palau da Kiribati, sun fi samun nasara ta hanyar sayar wa jirage kwanakin su ƙidayayyu a kan farashin da suka haɗa baki suka tsayar.

Zargin ɗalibinka yana da tushe

Kada ka ce wa yaron nan ya yi kuskure, domin akwai inda abin da ya faɗa ya faru. Tsakanin 1968 da 1973 Birtaniya ta kwashe dukan mazauna tsibiran Chagos da ke tsakiyar tekun Indiya, ta zube su a Morishus da Seshel, don a gina sansanin sojan Amurka a Diego Garcia, mafi girman tsibiran. A 2010, mutanen na tsaka da shari'ar neman komawa gida, sai Birtaniya ta ayyana ruwan tsibiran, kimanin kilomita murabba'i dubu 640, a matsayin hurumin da ba a kamun kifi. A ƙarshen wannan shekara wata wasiƙar diflomasiyyar Amurka da ta fallasa ta nuna wani jami'in Birtaniya yana bayyana cewa hurumin zai toshe wa tsoffin mazauna hanyar komawa. A 2015 kotun sulhu ta ƙasa da ƙasa ta yanke cewa Birtaniya ta saɓa wa dokar teku wajen kafa shi ba tare da la'akari da haƙƙin Morishus ba, a 2019 Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa ya kamata Birtaniya ta bar tsibiran, sannan a Mayun 2025 Birtaniya da Morishus suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa mulkinsu ga Morishus. Ruwan Chagos yana cikin mafi wadatar kifi a tekun Indiya, ba wanda ke musun wannan, amma wadatar ta samu ne bayan an kori masu wurin, kuma masu aikin kiyaye muhalli da suka yi murna a 2010 ba tare da tambayar wannan ba sun bar wa fanninmu tabo.

Sai dai kada ya tsaya a nan. Bul na Palau, da tabu na Fiji, wato haramcin su na gargajiya a wani yanki, da tsibiran da mutanen Bijagos na Gini Bisau suka tsarkake ba a kwana a cikinsu sai don al'ada, duk sun girmi zuwan Turawa. Tsibirin Poilao na Bijagos, wanda wannan tsarki ya kare, yana cikin manyan wuraren da koren kunkurun teku ke zuba ƙwai a Afirka, kuma gwamnati ta zo ne daga baya a 2000 ta ɗora dokarta a kan abin da mutane suka riga suka tsare. Sannan jiragen da ke kwashe kifin tsibirai ba na talakawan tsibirai ba ne. A 2017 sojojin ruwan Ekwado sun kama wani jirgin Sin a cikin hurumin Galapagos ɗauke da kifin shak fiye da dubu shida. A irin wannan hali hurumi makami ne a hannun mai ƙaramin ƙarfi.

Kuɗin gadi

Abin da ba a cika faɗa a ranar bikin ayyana hurumi ba shi ne wa zai sayi man jirgin sintiri a shekara ta biyar. Na sha ganin jirgin gadi ɗaure a bakin gaɓa, injinsa ya lalace, masu gadi suna zaune a inuwa suna kallon masu ɓarna daga nesa. Seshel ta gwada wata hanya: a 2016 ta kammala yarjejeniya da ƙungiyar The Nature Conservancy inda aka sake fasalin bashin ƙasar na dala miliyan 21.6, aka karkatar da wani ɓangare na biyan zuwa asusun kula da teku na cikin gida, ita kuma ta yi alkawarin kare kashi 30 cikin ɗari na ruwanta, alkawarin da ta cika a Maris 2020 da kimanin kilomita murabba'i dubu 410. Abin da ya burge ni a tsarin ba kuɗin ba ne, don ba su da yawa, sai shekarun da aka ɗauka ana zama da masunta da masu otal da kamfanonin tuna ana tantance inda za a rufe gaba ɗaya da inda za a bar wasu sana'o'i. Ekwado ta yi makamancin haka a 2023 da bashin da ya kai dala biliyan 1.6 saboda Galapagos. Ƙaramin hurumin Chumbe kusa da birnin Zanzibar, wanda aka amince da shi a 1994 kuma bai kai kilomita murabba'i ɗaya ba, da kuɗin baƙi masu yawon buɗe ido yake biyan masu gadinsa, waɗanda da yawansu tsoffin masunta ne. Raunin wannan hanya ya bayyana a 2020 da annobar korona ta tsayar da jiragen sama, wuraren da suka dogara da baƙi suka wayi gari ba kuɗin shiga.

Wannan ne ya sa nake taka-tsantsan da alƙaluman da ake yaɗawa. A Disambar 2022 ƙasashen duniya sun amince a Montreal cewa za a kare kashi 30 cikin ɗari na tudu da teku kafin 2030. A 2024 abin da aka ayyana a teku bai wuce kashi takwas zuwa tara ba, wanda kuma ake hana kamu a cikinsa da gaske kusan kashi uku ne. Hanya mafi sauƙi ta cika alƙawarin ita ce a shata ƙaton yanki a inda ba wanda ke su tun farko, a bar gaɓar da ake ta fama a kanta. Idan ɗalibanka suka ga adadi, su tambayi abin da aka hana a wurin wanda da ana yin sa.

Abin da iyaka ba ta tarewa

Akwai abokin gaba da ba ruwansa da taswira, wato zafin ruwa. Murjani yana rayuwa ne tare da wasu ƙananan tsirrai da ke cikin jikinsa, su ke ba shi abinci da launi. Idan zafin ruwa ya haura abin da ya saba da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, sai ya fitar da su, ya koɗe ya yi fari fat, idan zafin ya daɗe kuma ya mutu. A 1998 tsibiran tsakiyar Seshel sun rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na murjaninsu mai rai, ciki da wajen hurumi ba bambanci. An sake yin irin wannan a faɗin duniya a 2010, da tsakanin 2014 da 2017, sannan a Afrilun 2024 aka tabbatar da karo na huɗu. A Apo ma guguwar 2011 da ta 2012 sun ragargaza murjanin hurumin da aka yi shekara talatin ana tsaro. Abin da hurumi ke iya yi shi ne taimaka wa wuri ya farfaɗo, domin inda aka bar kifaye masu kiwon gansakuka, irin mai baki kamar na aku, suna share dutse su bar wa sabon murjani wurin kamawa. Amma farfaɗowa tana buƙatar shekara goma ko fiye, tazarar da ke tsakanin zafi da zafi kuwa tana ƙara gajarta.

Sauran barazanar daga tudu take gangarowa: laka daga gonakin da aka sare wa itatuwa, ruwan masai daga garuruwa da otal-otal, da sare dazukan bakin ruwa da Suwahili ke kira mikoko, inda 'ya'yan kifi ke fakewa kafin su fita teku. A tsibiri ba a raba tudu da ruwa, kuma misalin da ya fi nuna min haka daga Chagos ɗin nan ya fito. A 2018 Nicholas Graham da abokan aikinsa sun kwatanta tsibiran da ɓeraye suka shiga ta jiragen ruwa tun ƙarnukan baya da waɗanda ba su shiga ba. Ɓera yana cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen teku, don haka tsibiran da ba ɓera sun fi yawan tsuntsaye ninki ɗaruruwa. Tsuntsayen suna kiwo can tsakiyar teku su dawo su zubar da kashi a tsibiri, ruwan sama ya wanke takin zuwa murjanin da ke kewaye, kuma nauyin kifin da aka auna a gefen tsibiran da ba ɓera ya fi na sauran da kusan rabi. Duka tsibiran a cikin hurumi ɗaya suke, ƙarƙashin doka ɗaya, ba mai jefa ƙugiya a ko ɗaya. Saboda wannan sakamako, kawar da ɓeraye daga ƙananan tsibirai ya shiga jerin ayyukan da masu kula da murjani ke nema wa kuɗi a yau, kafaɗa da kafaɗa da man jirgin sintiri.